Jakar Goron Naaba

Masu bin labarin nan, barkanku da Juma'a. Ni ne dai Wada Baduku na Zongon Wagadugu. Ga wanda yau ya fara shigowa, ni ban yi lekol ba, wato makarantar boko, ko ƙofarta ban taɓa leƙawa ba, kuma ban rasa komai ba. Ni nake faɗa, Salifu yake bugawa. Salifu abokina ne tun muna da baƙin gashi, shekara talatin yana buga takardu a gidan waya kafin ya ajiye aiki ya buɗe wannan shago na intanet a unguwar Dassasgho. Ya ce har mutanen Kumasi da Abijan suna karanta ni. Na ce ai dole.

Amma yau ba ni da daɗin baki. Mutumin da agana ta kwantar yana ɗan shekara tara ya tashi, wanda aka koro daga Gana da tabarma ɗaya a ka ya dawo ya gina ɗaki shida, wanda babbar mota ta kife da shi a hanyar Po ya fito yana neman hularsa, wannan mutumin kwana shida ke nan ko tuwo ba ya iya ci.

Kun san maganar Hajiya Maimunatu. Tsohuwar ungozoma ce, rabin 'ya'yan Zongo a hannunta suka faɗo. Mijinta Awwal ya rasu shekara huɗu, matata Sauda shekara shida, Allah ya jiƙansu. Tun bara nake zuwa zaurenta ina neman aurenta, kuma ba na jin kunyar faɗa. Kun kuma san an shafa wa gidajen Zongo jan fenti, alamar rusau. Gidana ya riga ya tafi, a gabana katafila ta cinye shi kafin shayin Salifu ya huce. Yanzu ina ɗakin da ke kusa da madafa a gidan 'yata Rokia, ni da fanka da kalandar banki. Gidan Hajiya yana cikin 'yan kaɗan da suka rage, an ba su zuwa ƙarshen wata. 'Yarta Nana Khadija ta taso tun daga Yamai don ta kwashe ta gaba ɗaya. In ƙarshen wata ya yi ban samu "to" daga bakin Hajiya ba, shi ke nan, Yamai ta ci ni.

Makon jiya na matsa mata. Tana zaune cikin kwalaye tana naɗe kofunan tangaran da tsohuwar jarida.

"Hajiya, me ya rage? Lafiya gare ni, haƙori ashirin da shida, duk nawa."

"Wada, matsalarka ɗaya ce," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ban san inda gaskiyarka ta tsaya ba, inda zaƙin baki ya fara. Mutanen da suka mutu a motar Po, bara su bakwai ne, bana sun zama sha ɗaya."

"Wasu a asibiti suka cika."

"Ka gani ko? A shekaruna zan bar 'yata in bi mutumin da ban san nauyin maganarsa ba? Nuna mini abu ɗaya. Ɗaya tak, cikin duk abin da kake faɗa, wanda zan gani da idona."

Nan take na ce, "Jakar goron Naaba."

Ta yi dariya har kofi ya kusa suɓucewa. Duk Zongo sun san wannan labarin, kuma duk Zongo ba wanda ya yarda. Shekara ɗaya kafin a sami mulkin kai, wani babban Naaba, wato sarkin Mosawa, na wani gari a arewacin Wagadugu ya aiko wa maigidana Tijjani yana son jakar goro wadda babu irinta. Idon Tijjani ya fara rauni, sai ya miƙo mini fatar. Wata uku ina kanta. Jan karan dafi, rawayar gangamau, tuntaye arba'in da hannuna na yanka. Ni na kai ta fada da kaina. Ba zan faɗi sunan garin ba, saboda abin da za ku ji. Wani direba ya gaya mini fadar ta zama muze, gidan da ake ajiye kayan da, kuma ya ga jakar a ciki.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Salifu yau yake ji, ga shi ya saki baki. A shagon Tijjani akwai doka: baduku ba ya sa alamarsa a fuskar aiki, sai a ƙarƙashin murfi, inda mai kaya kaɗai zai gani. Kowa da tasa. A lokacin Maimunatu tana 'yar shekara sha takwas, in ta taso daga lekol takan kawo mana furar uwarta, rufe da faifan da ita ta saƙa. Tauraro uku ne a faifan, na tsakiya ja, na hagu ya ɗan karkace don ta yi kuskuren lissafin zare. Shi na ɗinka a ƙarƙashin murfin jakar Naaba. Har karkacewar ban bari ba. Na ce in na dawo daga fada zan gaya mata. Na dawo na cika Zongo da labarin yadda Naaba ya ba ni zom-kom, ruwan gero, a ƙwaryarsa, amma waccan magana ɗaya ta ƙi fita. Ina nan ina zuba, Awwal akawun jirgin ƙasa, mutumin da ba ya haɗa kalma goma a yini, ya je ya faɗi tasa guda uku. Ita ta zaɓe shi, ba wanda ya tilasta ta.

Ranar Asabar da sassafe na fito cikin shaddata shuɗiya mai aikin wuya, da hular da na saya a kasuwar Sankaryare, da turare har kaza ta yi atishawa. A hannu ɗaya ƙunshin goro fari cikin ganye, a ɗayan farin zakara. Rokia tana goge babur ɗinta za ta tafi aiki, ta tsaya da tsumma a hannu.

"Papa, wannan zakaran fa?"

"Gaisuwar Naaba."

"Papa, c'est un musée! Babu Naaba a ciki. Takarda ake saya a shiga."

"Ke yarinya, fada ba ta rasa mai ita. Tun ba a haifi uwarki ba nake shiga fada."

"Ni dai kunya ce ke kashe ni. A ofis har tambayata ake wai yaushe bikin tsoho. Jikokinka suna ji. Ka zauna mana ka huta, me ka rasa a gidan nan?"

Na so in ce mata na rasa wanda zai ce mini ƙarya nake yi, yana dariya. Ban ce ba. Na ce ta matsar da babur.

Hajiya ta zo tasha cikin atamfa mai ganyen kore, farin mayafi, tabarau da igiyarsa a wuya. Ta dubi zakaran, ta dube ni, ta ce, "Sarkin Dukawa, da shi za a ɗaura auren?" Awa biyu muna tafiya, na ba duk motar labarin jakar. Wata mata ta ba Hajiya gyaɗa ta ce, "Mijinki akwai baki." Hajiya ba ta gyara mata ba. Ku riƙe wannan. Ni ma shi nake riƙe da shi.

Da muka isa, tsamiyar ƙofar fada tana nan inda na bar ta. A gindinta na tuɓe takalmi shekara arba'in da huɗu da suka wuce, a gindinta na sake tuɓewa. A da, daga nan kake fara jin ganga, ka ga mutane a durƙushe suna zuba ƙasa a ka. Yanzu taga ce mai ƙarafuna, da wata mata a ciki tana jin rediyo tana cin mangwaro.

Na durƙusa kaɗan na gaishe ta da Mosanci, na ce a yi mini iso wurin Naaba, Wada baduku ne ya dawo.

"Yaaba," ta ce, wato kaka, "Naaba na yanzu yana Wagadugu, gidansa na siminti. Sai lokacin biki yake zuwa. Mutum biyu ne? Zakara ba ya shiga."

Hajiya ce ta miƙa kuɗin takarda, tana kallon wani wuri don kada mu haɗa ido. Na ɗaure zakaran a jikin tsamiya. Ta ce in mayar da takalmina, na ƙi. Ko ba mai gida, gida gida ne. Haka na shiga, ni kaɗai ba takalmi, 'yan makaranta suna wuce ni da takalman ƙwallo suna tauna cingam a daidai inda na taɓa ganin wani dattijo ya yi rarrafe.

Ɗakunan sun ƙanƙance. Ko ni ne na tuna su da girma, ban sani ba. Wari irin na akwatin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ganguna a jere ba mai kaɗawa, tukwane ba wuta, kujerar Naaba an kewaye ta da igiya kamar akuya. Kowane abu da 'yar farar takarda a gabansa. A ɗaki na uku na gan ta.

Jama'a, na binne 'ya'ya maza biyu ban yi kuka a gaban mutane ba. Amma da na ga jakar nan a kan wani katako bayan igiya, sai hawaye suka zubo mini. Ita ce. Ɗinkina ne, ko a cikin dubu zan gane tazarar basillata. Sai dai ƙishi ya kashe ta. Fata abu ne mai rai, tana son man kaɗanya ko sau biyu a shekara, tana son hannu. Wannan ta yi shekaru ba wanda ya shafa mata komai. Jan ya koma kalar busasshen jini, tuntaye sun sandare.

"Ga ta, Hajiya." Muryata ma ba tawa ba. "Karanta mini takardar."

Ta sa tabarau ta sunkuya. Ta daɗe. Layi biyu ne kawai, na ga ta daɗe kamar mai karanta wasiƙa.

"An rubuta," ta ce a hankali, "jakar goron Naaba. Aikin Wada, baduku na Zongo, Wagadugu."

Wayyo. Da a ce a nan Allah ya karɓi raina da na tafi da farin ciki. Na ji na ƙara tsawo. Daidai lokacin 'yan makarantar suka shigo, su kusan ashirin, da mai yi musu bayani, wani dogon mutum mai suna Lassane da sanda siririya a hannu. Hajiya ta kama hannun rigata ta ce, "Mu je, Wada, na gani, ya isa." Ina! Wa zai riƙe ni?

"Yara, ku matso!" na ce da Mosanci. "Yau kun yi sa'a. Ga jaka, ga mai jaka. Sunana ne a takardar nan. Malam, karanta musu!"

Lassane ya yi murmushi irin na ladabi. Ba mugu ba ne, wallahi ba zan ɗora masa ba. Ya karanta da Faransanci, sannan ya juya da Mosanci don in ji.

"Yaaba, abin da aka rubuta shi ne: jakar goron Naaba, tun kafin zuwan Nasara. Ba a san wanda ya yi ta ba."

Wata yarinya mai kitso biyu ta ce, "To Yaaba, shekarunka ɗari da hamsin ke nan?"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Na juya na dubi Hajiya. Ƙasa take kallo.

Abin da na yi bayan nan, da almajirin sana'ata ne ya yi shi da na mare shi. Na sani sarai, busasshiyar fata ba a lanƙwasa ta. Sai ka shafa mata mai, ka bar ta kwana uku ta sha, ka ƙara, sannan ka ɗaga murfi a hankali kamar mai ɗaga kan jariri. Gwangwanin man kaɗanya yana cikin aljihuna a lokacin, ban taɓa fita babu shi ba. Shekara hamsin da biyar ina sana'ar nan. Amma na tsallake igiya, na ce, "Ba a san wanda ya yi ba? Bari in nuna muku wanda ya yi!" Na kama murfin na ɗaga da ƙarfi.

Ƙas! Kamar ƙanzo.

Murfin ya rabu da jakar ya zauna a hannuna, cikinsa a sama. Ga su nan, tauraro uku. Rana ba ta taɓa ganinsu ba, jan yana nan kamar jiya na rina shi. Na juya don in nuna mata, sai Lassane ya damƙe mini wuyan hannu yana kiran sunan Allah, yara suna ihu, mai sayar da takarda ta shigo da gudu. Ta tsakanin kafaɗu na hango Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ce a raina, ko kallo ba ta yi ba. Kunyata ta rufe mata ido.

Aka kai ni ofishin shugaban wurin. Aka karɓi katin shaidata aka rubuta. Na tsaya a tsaye ba takalmi, cikin shadda da turare, kamar ɓarawon da aka kama ranar Sallah. Rabin awa Hajiya tana Faransanci, muryarta ƙasa-ƙasa, irin wadda take lallashin mai naƙuda da ita. Ban ji ko kalma ɗaya ba, sai "le vieux, le vieux", tsoho, tsoho. Daga ƙarshe suka sake ni. Murfin ya zauna a kan teburinsu, a kife. Na bar musu goron da zakaran na ban haƙuri. Haka gaisuwata ta shiga fada.

A gindin tsamiya ina sa takalmi na ce, "Me ya sa kika yi mini ƙarya?"

"Wada."

"Ke da kika ce ba ki san inda gaskiyata ta tsaya ba. Sau ɗaya na kawo ki gaban gaskiya, ke kika zuba mata ƙarya."

"Na ga yadda kake kallonta ne. Ban iya ba."

"Tausayi ke nan? Ni Wada ake tausayi? Kin mai da ni jaririn asibitinki, a ba shi ruwan sukari ya yi shiru. Da kin bar ni da jahilcina da ya fi mini."

Ta buɗe baki za ta yi magana, na ɗaga mata hannu. Ni, na ɗaga wa Maimunatu hannu ta yi shiru. A mota wani ya sa buhun albasa a tsakaninmu, ba wanda ya ce a ɗauke. Da muka sauka Nana Khadija tana jira, ta dubi fuskar uwarta, ta dube ni, ta ce, "Baba Wada, an dawo lafiya?" Ta kama hannunta suka tafi. Hajiya ta waiwayo sau ɗaya. Na yi kamar ina gyara hula.

Lahadi ban fita ba. Litinin ban fita ba. Ina kwance ina kallon fanka ina tunanin cewa duk abin da hannuna ya yi a duniya ya ƙare: ɗaki shida katafila ta ci, jaka ɗaya ni na karya da kaina, a takarda kuma an rubuta ba a san ni ba. Mutum yana da rai a ce ba a san shi ba.

Ranar Talata bayan la'asar wayar salula ta yi ƙara. Rokia ce ta saya mini ita, kuma ita take karanta mini saƙo. A da in Hajiya ta rubuto, "Ka sha maganin hawan jininka?" Rokia takan karanta tana taɓe baki kamar mai shan maɗaci. Ni ban iya karatu ba, amma idon baduku ne da ni, zane ba ya ɓace mini. Sunan Hajiya a wayar yana farawa da wani abu mai tudu biyu da kwari a tsakiya, kamar sirdi. Na duba, ga 'yar ambulan, ga sirdi.

Na kai wa Rokia tana yanka kuɓewa. Ta goge hannu ta karɓa. Na ga idonta ya bi layi ya sauka, ya koma sama ya sake bi.

"Kamfani ne, Papa. Publicité. Wai ka sayi kati a ƙara maka."

"Kamfani?"

"Kamfani. Bari in goge maka."

Na fizge wayata kafin yatsanta ya sauka. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado.

Cikin kwana huɗu, mata biyu da suka fi kowa kusa da ni sun karanta mini abin da babu shi a rubuce. Ɗaya don tausayi, ɗaya ban san don me ba. Shekara saba'in ina cewa rashin lekol bai rage ni da komai ba. To ga shi. Duk wanda ya ƙaunace ka zai iya sa maka duniyar da ya ga dama a kunne.

Za ku ce me ya hana in kai wa wani. Ai makwabta suna nan, mai shagon bakin titi yana nan, Salifu yana nan. Zan gaya muku, tunda yau ranar tonon asiri ce: tsoro. Ni da ban ji tsoron sojan Gana ba. Na ce in sallama ce fa? In cewa ta yi, Wada, ka kunyata ni, kada ka sake zuwa? Muddin ba a karanta ba, ba ta ƙi ni ba. Kwana uku wayar tana aljihuna tare da gwangwanin mai, ina taɓa ta ina sakewa. Na lissafa, saura kwana goma sha ɗaya wata ya ƙare. Akwai lokaci. Jibi Lahadi, in zuciya ta huce, zan sa shaddata in je Zongo in durƙusa, in gaya mata maganar faifai da bakina, wadda ta yi shekara arba'in da huɗu a maƙale.

Amma ba zan je mata a makance ba. Don haka ga dabarar da na yi, kuma sai mai kai irin nawa zai yi ta. Na ce wa Salifu ya kwafe saƙon nan a ƙasa, baƙi bayan baƙi, kafin ya buɗe baki ya gaya mini. In ya shiga hannunku, ku mutanen Kumasi da Abijan da ba ku san ni ba balle ku tausaya mini, ba mai iya canza shi kuma. Na sa shi ya rantse. Ga wayar, Salifu. Buga.

"Wada, na gani. Tauraro uku, na hagu a karkace. Faifaina ne. Me ya hana ka faɗa tun lokacin? Nana ta matso da tafiya, motar Yamai za ta tashi jibi Alhamis ƙarfe bakwai na safe. In ka zo tasha ka ce in sauka, zan sauka. In ban gan ka ba, na gane."

To, ya gama. Ga shi ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Rubuta wannan ma, Salifu, duk abin da ya faru a rubuta, haka muka yi da kai.

Na ce masa, karanta mana. Zagi ne? Na sha zagin da ya fi wannan a bakin iyakar Gana, ban ko ƙifta ba.

Bai dube ni ba. Ya ce, "Wada, yau wace rana?"

Kai da muka fito masallaci tare kake tambayata? Juma'a mana.

Ya sake ɗaukar wayar yana kallo. Rubuta, Salifu. Rubuta cewa Wada Baduku yana zaune daram, ya shirya jin ko mene ne. To me kake jira kuma? Karanta mana.